Sarjan Labo na Buro

A Gangara, in ka ce kana neman Labo, sai an tambaye ka wanne, don Labo uku ne a garin. Amma in ka ce Sarjan, kowa zai nuna maka gidan: shi ne na ƙarshe kafin a hau hanyar Gazawa, mai itacen bedi, wato dogon yaro, guda biyu a ƙofa. Mai gidan dogo ne siriri, furfura ta cinye masa gemu, amma har yau bayansa a miƙe yake, ko gona zai je sai ya ɓalla maɓallin rigarsa har wuya. Shekara ashirin da tara ya yi cikin kakin soja, kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa ɗaga bindiga ya auna mutum ba. Ba ya ɓoye wannan. In baƙo ya tambaye shi yaƙi nawa ya je, sai ya yi murmushi ya ce shi akawu ne, a buro, wato ofis, ya yi aikinsa.

Iyayensa manoma ne. Shekarar da aka zo ɗaukar yara lakol, wato makarantar boko, aka ce kowane gida ya ba da ɗaya, mahaifinsa ya dubi ƴaƴansa maza huɗu ya zaɓi Labo, don shi ne wanda rashinsa a gona ba zai rage komai ba. Labo ya yi aji shida ya samu takardar gamawa. Lissafi bai dame shi ba, tarihi ma haka, amma rubutunsa ya fi na kowa kyau, har malaminsu ya bar masa rubuta kwanan wata a allo kowace safiya. Shi kuwa ba wannan ne a ransa ba. Tun ranar da ya ga wani soja ya sauka daga mota a kasuwar Gazawa, mutane suna darewa suna ba shi hanya, ya ƙudurta cewa shi ma sai ya sa wannan takalmi.

Da ya cika shekara ashirin aka yi shelar ɗaukar sojoji a Maraɗi. Ya je ya faɗa wa mahaifiyarsa Tani, tana tsakar gida tana surfe. Ta ajiye taɓarya ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai da ko kaza aka ce ka riƙe a yanka sai ka kau da kai?"

"Inna, can za a koya mini."

"To, Allah ya tsare. Amma ni addu'ata, Allah ya sa su ba ka aikin inuwa."

Labo ya ji haushin wannan addu'a. Aka auna tsawonsa, aka duba idanunsa da haƙoransa, aka ɗauke shi. Ya sha horo wata da watanni: gudu, rarrafe, fareti, kwance bindiga da mayar da ita. Daga nan aka tura shi wani bariki a yankin Damagaram, tare da sababbin sojoji talatin.

Wanda ya karɓe su shi ne Ajidan Cindo, wani Bagobiri daga wajen Gidan Rumji, gajere mai kauri, mai tsage a kumatu, muryarsa ta fi jikinsa girma. Ajidan shi ne babba a cikin ƙananan hafsoshin rukuninsu, daga shi sai kapitan da mataimakinsa. Ya jera su a rana, ya ce duk wanda ya taɓa shiga lakol ya fito gaba. Mutum bakwai suka fito. Ya ba kowa guntun takarda ya ce ya rubuta sunansa da na ubansa da na garinsu. Labo ya ga dama ce ta nuna kansa, ya zauna ya tsara haruffa kamar an buga su da inji. Ajidan ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kan ta Labo ya tsaya.

"Wa ya koya ma wanga rubutu?"

"Lakol ɗin Gangara, mon ajidan."

"Gobe da sahe ka taho buro."

Sauran suka tafi filin harbi, shi aka kai shi wani ɗaki mai tebur biyu, da kabad cike da takardu, da tsohon mashin ɗin buga rubutu. Ranar ko abinci bai ci da daɗi ba. Washegari da aka ba shi jerin sunaye ya kwafa, sai ya yi dabara: ya karkace hannu ya yi rubutu kamar kaza ta yi tono, da fatan a ce an yi kuskure a mayar da shi cikin ƴan'uwansa. Ajidan ya karɓa ya duba, ya sa hannu a aljihu ya fito da takardar jiya, ya ajiye su gefe da gefe.

"Jiya hannunka lahiya lau. Yau mi ya same shi? Kunama ta halbe ka?"

Labo ya sunkuyar da kai. Sau uku aka sa shi ya sake kwafe jerin. Da ya gama na uku, Ajidan ya jawo kujera ya zauna kusa da shi, ya sassauta murya.

"Saurara, ɗan Gangara. Ni ban yi lakol ba, cikin soja na koyi ɗan abin da nike karantawa. Mutum ɗari da ashirin ke gare ni a nan. Na san wanda ƙahwatai ke ciwo yana ɓoyewa, na san wanda matatai ke da ciki, na san wanda ya yi shekara biyu bai ga uwatai ba. Amma abin da na sani, in bai hau takarda ba, kapitan bai ganin shi. Masu halbi ina da su da yawa. Wanda zai ɗora abin da na sani bisa takarda nike nema."

Ba a ranar maganar ta shige shi ba, amma ta shige shi. A hankali ya gane yadda barikin ke tafiya. Soja in yana da damuwa, kafaran ɗinsa zai gaya wa, wato wanda ke kwana ɗaki ɗaya da mutum goman da ke hannunsa, yana tashinsu, yana duba takalmansu. Kafaran ya kai wa sarjan, sarjan ya kai wa ajidan, ajidan ya shiga wurin kapitan. Kuma duk inda maganar ta bi, sai ta zo teburin Labo ta zama takarda kafin ta zama gaskiya. Kowace safiya bayan kiran suna, shi ke haɗa rahoton: mutum nawa suka fito, nawa ke asibiti, nawa ke hutu, nawa aka tura aiki waje. In aka tara bai cika ɗari da ashirin ba, ba mai karyawa sai an gano inda ɗayan ya shiga. Shi ke buga takardun hutu, shi ke buga sunan sarjan mai sati, wanda abinci da shara da ƙofar bariki duk ke wuyansa har kwana bakwai. Shi ke tsara jerin masu gadi.

Wannan jerin ne ya fara jawo masa suna. Da farko sojoji suka riƙa zuwa masa da goro da shayi, kowa na so a kauce masa ranar Juma'a ko ranar kasuwa. Labo ya rasa yadda zai yi da kunyar mutane, sai ya zana babban jadawali na wata guda, ya bi sunaye daga farko zuwa ƙarshe ba tsallake, ya manna a ƙofar buro inda kowa zai gani. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Aka yi guna-guni kwana biyu, daga baya kowa ya ga ba a fifita kowa ba, goro ya daina zuwa, gaisuwa ta ƙaru. Da yake akwai wani Labo direba a barikin, sai aka riƙa ce masa Labo na Buro.

Bayan sallar la'asar kuma wani aikin ke jiransa wanda ba ya cikin doka. A bayan buro akwai wata tsamiya, nan sojojin da ba su yi lakol ba ke zuwa ya rubuta musu wasiƙa zuwa gida. Su faɗa da Hausa, ko da Zabarmanci wanda ya ɗan tsinta, shi ya rubuta da Faransanci, don a ƙauyuka ɗan lakol ne zai karanta ya fassara. In amsa ta zo, shi ne dai zai karanta musu.

Cikin masu zuwa akwai Inusa, wani ƙaton soja mai yawan dariya daga Gidan Sori. Wata rana amsar wasiƙarsa ta zo ta hannun direban motar Maraɗi. Labo ya buɗe, ya ga rubutu ƙanana a tsare, layi a miƙe ba tare da an ja masa layi ba. Ya karanta wa Inusa labarin gida: gero ya yi kyau, an sayi jaki, kowa lafiya. Can ƙasa kuma ya ga an ƙara layi biyu. An rubuta cewa, Yaya, ka gaya wa mai rubuta maka, gaisuwa ɗaya tak ya aiko mana, don ya manta harafin da ake ƙarawa a ƙarshe in abu ya yi yawa, mu kuwa mu goma sha ɗaya ne a gidan, ba mu san wanda za mu ba ba.

Labo ya ɗago kai ya dubi Inusa.

"Wa ke rubuta muku wasiƙa a gida?"

"Ƙanwata ce, Fadila. Ta yi lakol har ta yi shekara biyu a kwalejin Tibiri. Me ta ce?"

"Ba komai. Tana gaishe ka."

Ya koma buro ya tuna yadda ya rubuta kalmar, ya ga gaskiyarta. Shekara uku ana yabon rubutunsa, kapitan ma bai taɓa gyara masa ba, sai ga wata yarinya daga Gidan Sori. Ya ari ƙamus a wurin kapitan. Da Inusa ya zo rubuta wasiƙa ta gaba, Labo ya sa shi ya lissafa masa mutanen gidan duka, ya rubuta wa kowa gaisuwarsa da sunansa, layi goma sha ɗaya. Amsa ta zo bayan sati uku: gaisuwa ta iso, ta ishi kowa, har an ɗiba an ba maƙwabta.

Daga nan kowace wasiƙa sai an ƙara wani abu a ƙasa. Ya tambaye ta ko ruwa ya sauka, ta tambaye shi ko gaskiya ne sojoji shinkafa suke ci kullum. Ya ba ta labarin mashin ɗinsa da harafi ɗaya ke maƙalewa sai an ciro shi da tsinke, ta ba shi labarin matan unguwa da take karanta wa takardun asibiti. Haka har kusan shekara biyu. A tsakani aka ba shi kafaran, bai faɗa mata ba, Inusa ne ya sa aka rubuta.

Inusa bai iya karatu ba, amma yana da ido. Ran nan Labo ya gama karanta masa wasiƙa ya fara naɗewa, sai Inusa ya riƙe gefen takardar.

"Tsaya, Labo. Takardar nan gaba da baya duk rubutu ne. Abin da ka karanta mini bai kai rabin gaba ba. Sauran na wa ne?"

Labo ya yi sauri ya cusa takardar a aljihu. Inusa ya kwashe da dariya har yana dukan gindin tsamiya, ya tashi ya tafi abinsa.

Ba a daɗe ba matar Inusa ta haihu, haihuwar fari. Saƙon bai iso ba sai kwana huɗu da haihuwa, saura uku suna. Ga shi kuma a jadawalin da Labo ya zana da hannunsa, Inusa ne ke gadin ƙofa da rana kwana uku a jere, kuma doka ba a ba mai gadi hutu sai an samu wanda zai tsaya masa. Lokacin tsakiyar bazara ne, ba wanda ke son tsayuwar ƙofa. Kapitan kuma zai yi tafiya washegari da safe, in bai sa hannu a ranar ba, shi ke nan. Labo ya buga takardar hutun, ya ɗauki alƙalami ya soke sunan Inusa a jadawali ya rubuta nasa, ya kai wa Ajidan Cindo.

Ajidan ya duba ya ɗago kai. "Akawu bai gadi."

"Mon ajidan, ni ma lambar soja gare ni kamar kowa. Aikin buro zan yi shi da asuba da kuma bayan an canje ni."

Ajidan ya ɗauki takardar ya shiga wurin kapitan. Da ya fito da sa hannu, ya miƙa masa ya ce, "To, ga bindigar da ka daɗe kana kuka a ba ka. Tahi ka ɗauka."

Kwana uku Labo ya tsaya a ƙofar bariki, hular ƙarfe a kai, bindiga a kafaɗa, rana na dukansa. Ba abin da ya shiga sai motar ruwa da mai kawo nama. A rana ta biyu ya kama kansa yana leƙen tagar buro yana tunanin ko wani ya taɓa masa takardu. A ta uku ya yarda a ransa cewa addu'ar mahaifiyarsa ba ta cuce shi ba.

Inusa ya dawo da rabin buhun wake da ƙullin naman suna, ya dire su a gaban tebur.

"Waken naka ne. Sannan Baba ya ce mai gaisuwar nan ya zo a gan shi."

Hutun Labo na gaba, maimakon ya wuce Gangara kai tsaye, sai ya bi ta Gidan Sori. Daga bakin titi amalanken shanu ya hau, kakinsa da ya goge ya sha ƙura kafin ya isa. Ya gaida dattawa a zaure, aka kawo masa fura. Sai can aka ce Fadila ta kawo ruwa. Ta shigo, ƴar gajera mai saurin murmushi, ta durƙusa ta ajiye kwanon, ta gaishe shi a ladabce. Da ta tashi za ta fita ta ce a hankali, yadda shi kaɗai zai ji, "Ashe kai ne mai rowar harafi." Bayan kakar shekarar aka ɗaura aure. Tani ta riƙe amaryar sati biyu a Gangara kafin ta bari a kai ta bariki, tana gaya wa duk wanda ya shigo cewa ta samu suruka mai karanta takarda.

Shekara biyar bayan haka, wata safiya kapitan ya miƙo masa takardar da ta zo daga sama, jerin waɗanda aka ƙara wa muƙami, ya ce a buga kwafi huɗu a manna. Irin aikin da Labo ya yi sau ba adadi ne. Yatsunsa suna bugawa, hankalinsa na kan rahoton safe da bai cika ba. Ya gama, ya buga hatimi, ya kai.

"Ka duba?" in ji kapitan.

"Na duba, mon kapitan."

"Sake dubawa. Karanta mini da ƙarfi."

Labo ya ƙame ya fara karantawa, lamba da suna, lamba da suna. A layi na shida ya karanta wata lamba da ya ji kamar ya san ta, ya karanta sunan, ya tsaya cak. Sunansa ne, daga kafaran zuwa sarjan. Da hannunsa ya buga shi har kwafi huɗu bai gani ba. Daga bayan ƙofa sai ga dariyar Ajidan Cindo, wanda tun ɗazu yake laɓe yana jira. Labarin ya zagaye bariki kafin azahar. Da yamma Fadila ta karɓi rigarsa ta ɗinka masa sabon galo, alamar muƙamin, a hannu, tana aunawa da abin jan layi na buro don kada ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Ajidan Cindo ya ajiye aiki shekarar da ta biyo, ya koma gida. Labo kuwa aka yi ta yawo da shi, Agadas, Tawa, Diffa, ko'ina buro. Ya yi sarjan mai sati ba iyaka, ya horar da akawuna, ya kai sarjan-shef. Da aka kawo kwamfuta ya koye ta yana da shekara arba'in da biyar, da yatsa biyu, yana dukan maɓallan da ƙarfi kamar na tsohon mashin. In aka tambaye shi wace takarda ce ta fi wuya, ba ya jinkiri: wadda ake aika wa iyalin sojan da ya rasu. Ita ce kaɗai ba ya bari wani ya buga. Yakan duba sunan mamacin da na ubansa sau uku, don ya ce mutanen da za su ajiye takardar har ƙarshen rayuwarsu bai kamata su ga kuskure a sunan ɗansu ba.

A shekarar 2012 ya ajiye kaki ya dawo Gangara da Fadila da ƴaƴa biyar. Gonar gado na nan tana jiransa. Shekarar farko ya ja igiya ya yi shuka a layi miƙaƙƙe kamar sojoji a fareti, amma ya makara da noman farko, ciyawa ta fi geron tsawo. Yayyensa suka yi masa dariya son ransu, sannan suka zo suka koya masa abin da ya tsallake yana yaro. Yanzu rumbunsa ba ya jin kunyar na kowa, wakensa ma har daga Gazawa ake zuwa nema. Mutanen gari ba su damu da shef ɗin da ke bayan muƙaminsa ba, Sarjan kawai suke ce masa.

Da aka haƙa musu rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, murna ta koma rigima, don famfo huɗu ne, mata kuwa ba iyaka. Kullum sai an yi cacar baki a kan layi. Mai gari ya aika aka kira Labo ya ce ya yi musu irin abin da ya saba. Ya kwana biyu yana zana jadawali, unguwa-unguwa, kowace da lokacinta, ya sa unguwarsu a ƙarshe don kada a ce ya so kansa. Ya kawo wa Fadila yana jiran yabo. Ta duba ta ce, "Maigida, ina matan Fulani da ke zuwa da jakai da hantsi? Kuma ranar kasuwa wace mace ce za ta tsaya jiran ruwa da azahar?" Ya karɓa ya koma zaure. Jadawali na biyu shi aka rubuta da fenti a jikin bangon tankin, yana nan har yau, kuma rigimar ta mutu.

Cikin ƴaƴansa biyar, ta uku ce kaɗai ta bi hanyarsa, Sumayya. Ta karanta aikin jinya ta shiga soja da shi, tana duba marasa lafiya a asibitin bariki. Bara da kaka, lokacin roron wake, ta bugo waya ta ce aiki ya kawo ta Maraɗi, za ta biyo ta kwana biyu, kuma tana da albishir. Aka yi sa'a Inusa ma ya zo ganin ƙanwarsa, shi ma ya daɗe da barin aiki, ya tsufa amma dariyar na nan. Suna zaune a inuwar bedi da la'asar sai ga babur ya tsaya, Sumayya ta sauka cikin kaki, don daga wurin aiki ta taso.

Inusa ne ya fara ganin abin da ke kafaɗarta. Ya zunguri Labo da gwiwar hannu.

"Suruki, duba da kyau. Ajidan ce fa. Ka dai san doka."

Labo ya duba. Muƙamin da ya yi shekara ashirin da tara yana ƙame wa masu shi, wanda shi bai kai ba, shi ne a kafaɗar ƴarsa. Bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya haɗa dugadugansa cikin silifas, ya ƙame, ya sara mata. Ita kuwa ta riga ta fara durƙusawa za ta gaida mahaifinta. Da ta ga hannunsa a goshi sai ta rikice, gwiwa ɗaya a ƙasa, hannu ɗaya na neman tashi sama, ta kasa ƙarasa ko ɗaya.

"Baba, don Allah ka sauke hannunka."

"Sai kin amsa, mon ajidan."

"Kawu, ka yi masa magana."

"Ni soja ne ƙarami," in ji Inusa yana share hawayen dariya, "ba na shiga tsakanin manya."

Fadila ta leƙo daga zaure da ludayi a hannu, ta dubi mijinta a ƙame, ta dubi ƴarta a rabin durƙuso.

"Ke amsa masa ya huta, bayansa ba na da ba ne. Sannan ki durƙusa ki gaishe shi yadda aka koya miki. In kun gama ku shigo, tuwo na hucewa."

Haka aka yi. Sumayya ta miƙe ta amsa, ya sauke hannu, ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Baba, ina wuni." Ya dafa kanta ya sa mata albarka. Kafin magariba ya zagaya da ita gidan yayyensa da gidan mai gari, ko'ina sai ya tsaya ya yi bayanin yadda ajidan ya fi sarjan-shef, da abin da ke wuyan mai wannan muƙami, ko da ba a tambaye shi ba.

Washegari da sassafe Sumayya ta rataye kakin a ɗakin mahaifiyarta, ta ɗaura zane, ta ɗauki kwando. Aka ɗaura wa shanu amalanke, duk gidan suka hau, har da Inusa da ya ce shi rakiya kawai zai yi. A bakin gona Labo ya sauka ya dubi waken da ya bushe yana jiran hannu, ya fara raba kunya, wannan ta Fadila, wannan ta Inusa ko yana so ko ba ya so. Ya nuna wa Sumayya kunya biyu mafi tsawo a gefen gabas, ya ce ta fi kowa ƙuruciya. Ta ce to, Baba, ta sunkuya ta fara roro.